Gangara

Na ajiye bas sha ɗaya saura,
na hau bene da sanyin Sheffield a gwiwa.
Bara'atu ba ta kwanta ba,
hasken kwamfuta ya shafa mata shuni a fuska.

"Baba, sau tara na ƙone yau."
Ta faɗa kamar mai cewa tuwo ya kama.
Kumbonta na shawagi can bisa duniya,
mai ya rage bai fi cokali ba,
babu halin wani zagaye, babu lallaɓawa,
dole ta soko kai cikin iska.

Ni da na san iska abin shaƙa ce,
abin busar da shanya,
sai ga ta a allo ta zama katanga.
Ta ce: in ka shigo a kwance
sai ta yi wurgi da kai kamar tsakuwa bisa tafki,
ka koma sama, ka tafi ke nan.
In ka shigo a tsaye kuwa,
kafin ka ce kwabo ka zama toka.

Tsakaninsu akwai 'yar kafa kamar bakin wuƙa,
amma man nata ba zai kai ta can ba.
Ta gefen wutar za ta sauka.

Na goma. Ta juya gindin kumbo gaba,
garkuwa ta tari abin da ke tafe.
Taga ta yi ja, ta yi ruwan goro, ta yi fari fat,
rediyo ya ɗauke,
nauyin matuƙi ya ninka takwas,
ita ko ta danne madanni ɗaya
kamar mai riƙe da ƙahon bijimi.
Allo ya yi baƙi. Ta haɗiye kuka.

Na ce, ji nan.
Shekara sha huɗu ina gangaro da bas
daga tudun Crookes ranar ƙanƙara,
rai sittin a bayana.
Wanda ya tsaya kan birki tun daga sama,
birkin zai mutu masa kafin tsaka.

Kuma jakin kakanki, da mangala cike,
bai taɓa miƙe gangara ba.
Dama kaɗan, hagu kaɗan,
yana tsawaita hanya da gangan
har gudun ya zube masa a ƙafa.
Ta harare ni: "Ai mirginawa ke nan.
Na karanta, Baba. Hannun ne ba ya yarda."
Na ce, kowa ma da farko haka.

Na sha ɗaya ma wuta ta cinye.

Na sha biyu ta ɗaga hancin kumbo,
ta bar garkuwa ta sha mafi zafin,
tana ƙirge a ƙarƙashin numfashi.
Da lamba ta fara ja da baya
ta mirgina dama, ta jira,
ta mirgina hagu,
garkuwa na zagwanyewa kamar sabulu,
saura kashi uku, saura biyu,
sai rediyo ya yi tari ya dawo.
Laima ta buɗe. Teku. Mil ɗari huɗu daga alama,
kumbon ma a kife.
Ihun da muka yi ya sa Misis Ollerenshaw
ta kai wa bango duka.

Ta tafi barci. Na zauna a kujerarta,
ɗuminta bai gama fita ba.
A aljihu akwai muryar Inna ta tun Laraba,
na san tambayar, shi ya sa ban buɗe ba.
Na ɗauki kumbon na gwada sau ɗaya.
Na shigo a kwance, a hankali, yadda na saba,
na ga ƙasa sarai, har da koguna,
sai ta ture ni sama, wannan iska.